Yadda Ake Hawan Chappal Waddi, Tsauni Mafi Tsawo a Najeriya

Chappal Waddi, wanda mutanen yankin ke kira Gangirwal, yana kan iyakar Najeriya da Kamaru a jihar Taraba, can kudancin gandun dajin Gashaka-Gumti. Tsawonsa mita 2,419 ne daga doron teku, babu wani tudu a ƙasar nan da ya kamo ƙafarsa. Shi kuwa gandun, a 1991 aka kafa shi da aka haɗe dazukan Gashaka da Gumti. Ya ratsa Taraba da Adamawa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne babba a duk gandayen dajin ƙasar.

Hawansa ba ya buƙatar igiya ko wata ƙwarewa ta daban. Tafiyar ƙafa ce a kan ciyawa da duwatsu, a hau hayi, a gangara kwari, a sake hawa. Abubuwa uku ne ke kayar da sabon shiga: sanyi in ya haɗu da jiƙewa, ƙarancin ruwan sha, da faɗuwar rana alhali mutum yana sama. Saboda su ake yin kusan duk shirin da za a bayyana a nan, kuma shirin zai yi maka aiki a tsaunin Shere na kusa da Jos ko wani tudu mai tsayi irinsa.

Kayan da za ka tanada

Takalmi ne kan gaba. Nemi mai taurin ƙasa, mai zanen da ke kama turɓaya, wanda ya rufe idon sawu. Ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya, domin ƙafa na kumbura da doguwar tafiya, kuma a gangare yatsu suna ta dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi ya cire. Na gwanjo ya wadatar muddin ƙasansa bai suɗe ba. Kada ka sayi sabo ka ɗaura shi ranar hawa, ka taka shi mako biyu a gari tukuna. In bai samu ba, kambas mai kauri zai yi a lokacin rani. Za ka ga makiyaya suna haye tudu da takalmin roba kamar a tsakar gida suke. Su tun suna yara ƙafarsu ta saba, kada ka ce za ka gwada. Ka haɗa da sandal mai maɗauri don zango da alwala da tsallake rafi, sai safa mai kauri ƙafa uku, ta ulu ko irin ta 'yan ƙwallo.

Sutura hawa uku ake yi mata. Ta jikin fata ta zama jesi irin ta 'yan wasa, wadda ke bushewa nan da nan. A kanta suwaita. A waje rigar ruwa mai hula, wadda ita ce kuma za ta tare maka iska. Rigar auduga tana shanye gumi ta riƙe, da zarar ka tsaya iska ta bugo ka sai ta zama kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen tsumma. Wandon jins ma haka yake, ga nauyi ga goge cinya. Ka sa hular sanyi da safar hannu da malafa ko hular rana. Mata su sa wando mai ƙwari a ƙarƙashin rigar da ba ta jan ƙasa, da ɗan gajeren hijabi wanda iska ba za ta riƙa fizga ba. In za ka bi ta dajin da ke ƙasan tsaunukan, guji baƙi da shuɗi mai duhu, su ne launin da tsando ke bi.

Jakar goyo mai cin lita 40 zuwa 50, mai ɗamarar ƙugu. Ɗamarar nan ita ce ke sauke nauyi daga kafaɗa zuwa kwankwaso. Kafin ka zuba komai, shimfiɗa babbar leda a ciki, ka zuba kayan a cikinta ka ƙulle baki. Nauyin jakar duka kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka: mai kilo 65 ya tsaya a kilo 13. Abin da ya ƙaru na ɗan dako ne.

Na kwana: tanti, jakar barci ko bargo biyu masu kauri, da shimfiɗar soso. Mutane da yawa suna raina shimfiɗar, alhali daga ƙasa sanyi ya fi shiga jiki, ko bargo nawa ka lulluɓa. In babu tanti, tampol mai mita uku da huɗu da igiya mita goma za su rufa asiri a rani. In babu soso, tara busasshiyar ciyawa kauri taƙi guda ka ɗora kwali ko buhu.

Sauran:

- gorori ko robobi da za su ɗauki lita uku ga mutum ɗaya
- ƙaramar tukunya da kofi da cokali, da ƙaramin risho ko murhun gas na tafiya
- tocila, gara ta ɗaurawa a goshi, da batir na canji
- usur, wuƙa, laita da ashana a ƙulle cikin leda
- kamfas, da wayar da ka sauke taswirar yankin a cikinta tun kana inda akwai sabis, da na'urar adana caji
- sanda mai kaiwa gwiwar hannu; gora ma ta yi
- katin shaida, tunda bakin iyaka za ka je, da tsabar kuɗi ƙanana
- filasta, bandeji mai talewa, farasitamol, ƙullin gishiri da sukari na asibiti, man korar sauro, da duk maganin da ka saba sha

Guzuri ya zama marar nauyi mai riƙe ciki: dabino, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, kilishi ko dambun nama, garin kwaki da sukari, burodi, ganyen shayi da madarar gari, taliyar leda don dare. Ƙara abincin yini guda a kan lissafinka, kada a taɓa shi sai ta ɓaci.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci

Nan ne ake samun kallo ko a rasa shi tun ba a bar gida ba. Damina a tsaunukan nan doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, wani lokaci ta leƙa Nuwamba. A cikinta hanyar babur takan zama taɓo, rafuka su cika, gajimare ya rufe ƙololuwa kwana da kwanaki. Sabon shiga ba shi da abin yi a can a wannan lokaci.

Rani kuma kashi biyu ne. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ruwa ya ɗauke, ciyawa da sauran kore, sararin sama a wanke. Wannan shi ne lokacin da ya fi, nesa ba kusa ba. Daga nan hazon hunturu yake sauka, makiyaya kuma su fara ƙona tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tsiro. A Janairu da Fabrairu tafiya ta fi sauƙi, hanya a bushe, ciyawa ta kwanta, amma kana iya shan wahalar kaiwa sama ka tarar ba ka hango komai sai fari fat. In kallo ne ya kai ka, kada ka wuce tsakiyar Disamba.

Mataki na 2: Horar da jiki

Mako shida ya isa. Sau uku a mako ka yi tafiyar awa ɗaya da sauri-sauri, ranar hutu kuma ka yi ta awa uku zuwa huɗu da jakarka a baya, da takalmin da za ka hau da shi. Fara da kilo biyar, kana ƙarawa. Na Kano su yi ta hawa da sauka a Dala ko Goron Dutse, na Zariya ga Kufena, wanda ba shi da tudu ya nemi matakalar bene. Ka ba saukowa muhimmanci kamar hawa, domin ita ce ke cin gwiwa. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ko asma ko sikila ya ga likita kafin ya sa rana.

Mataki na 3: Izini, jagora da hanya

Hedikwatar gandun tana Serti. Daga Jalingo ana bi ta Bali a iso Serti, a wuce Mayo Selbe, daga nan mota ta fara hawan Mambila mai lanƙwasa, ta Maisamari zuwa Nguroje. Tafiyar yini ce, a fita da sassafe.

Tsaya a Serti ka yi rajista, ka biya kuɗin shiga, ka karɓi rasit. Ma'aikatan gandun za su haɗa ka da jami'in da zai raka ka, su ne kuma suka san halin tsaro na makon da kake ciki. Ka tuntuɓe su tun kafin ka taso daga gida, kuma in sun ce a dakata, a dakata. Shiga gandun ba izini laifi ne, kuma a daji irin wannan wanda ba a san da shigarsa ba babu mai fita nemansa.

Hanya biyu ce. Gajerar ita ce ta ɓangaren Mambila: daga Nguroje a hau babur zuwa Njawai, daga nan a ci gaba zuwa ƙauyukan gindin tsaunin, a kwana, a hau. Ka ware mata kwana uku daga Nguroje zuwa dawowa, ko da an ce maka biyu sun isa. Doguwar kuwa ta ƙauyen Gashaka take tashi, ta ratsa kurmi ta haura tuddai, tafiyar mako guda ce ko fiye, da 'yan dako da abinci mai yawa. Ta fi kyau ga mai son ganin namun daji, amma ba ita ce ta fara koyo ba.

Yi ciniki da 'yan acaɓa da 'yan dako a gama kafin a tashi: nawa ne zuwa, nawa ne dawowa, wa zai ciyar da wa, ranar da za a dawo ɗaukar ku. Kuma ka duba ko ɗan dakon yana da abin rufa. Sanyin da zai kama ka shi ma zai kama shi, kuma amanarsa tana wuyanka. Idan kun isa ƙauye, a fara da gaida jauro, wato mai garin, a gaya masa inda aka nufa da ranar saukowa. Kada ku kasa mutum uku: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya tafi neman taimako tare da jagora.

Mataki na 4: Lissafin lokaci

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi sauran amfani. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da wani mahayin tsauni ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita biyar, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A ce daga zangonku zuwa sama kilomita shida ne, hawan kuma mita 900. Nisan ya ci awa ɗaya da minti goma sha biyu, hawan ya ci awa ɗaya da rabi, jimla awa biyu da minti arba'in da biyu. Wannan lissafin ƙaƙƙarfan mutum ne marar kaya wanda ba ya tsayawa. Kai ka ƙara rabin abin da ka samu, ya zama awa huɗu. Saukowa kuma ka ba ta kashi biyu cikin uku na lokacin hawa, kada ka ɗauka gangare kyauta ne.

A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a yankin, kuma tsakanin faɗuwarta da duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Saboda haka tun a daren ku yanke lokacin juyawa, ku faɗe shi da baki kowa ya ji. Ƙarfe goma sha biyu na rana ya dace. Idan ta buga ba ku kai ba, ku juya, ko da ƙololuwar tana gabanku kamar a miƙa hannu a taɓa. Ido yana ruɗi a tsauni: abin da ka ɗauka shi ne ƙarshe sau da yawa kafaɗa ce, kana hawanta sai wata ta ɓullo a bayanta. Tafiyar kuma da sawun mafi rauni a cikinku ake auna ta.

Mataki na 5: Daren zango

Ku isa wurin kwana da la'asar sakaliya, a kafa tanti da sauran haske. Kada a kafa a gindin kwari ko bakin rafi, can sanyi da raɓa suke taruwa, kuma ruwa na iya tasowa. Kada kuma a kafa a kan tsinin tudu inda iska ke kaɗawa. Nemi ɗan fili a gefen hayi, ƙofar tanti ta ba iska baya. Duba ƙasa da kyau saboda jerin kwarkwasa.

Zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi a kowace mita dubu da ka hau. Tsakanin Serti da ƙololuwa akwai wajen mita dubu biyu, wato bambancin digiri goma sha uku ke nan tun kafin a sa iska a lissafi. Wanda ya baro Serti yana gumi zai kwana yana karkarwa in bai shirya ba. Da isarka cire rigar da ka yi tafiya da ita, sa busasshiya, sa hula, kada ka jira sai ka fara jin ɗari.

Ruwan rafukan nan garau yake a ido, amma shanu suna sha suna kashi a samansa. A tace da tsumma mai tsabta, a tafasa. A ƙasa minti ɗaya yana ɓararraka ya isa, amma daga mita dubu biyu zuwa sama a ba shi minti uku, domin a can ruwa yana tafasa tun zafinsa bai kai na ƙasa ba. Dalilin ke nan ma shinkafa da wake suke daɗewa ba su nuna ba, taliya ta fi. Cika gororinka tun da dare. Kada a kunna risho a cikin rufaffen tanti, hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci. Waya da batir a kwana da su cikin bargo, sanyi na zuƙe caji.

Ga mai neman alƙibla, daga yankin tana wajen digiri 60 ne a kamfas, wato gabas maso arewa.

Mataki na 6: Hawan kansa

A yi asuba, a sha shayi da abin da zai riƙe ciki, a kama hanya da gari ya fara wayewa. Fara tafiya kana ɗan jin sanyi. Wanda ya tashi a naɗe cikin suwaita, kafin minti goma sha biyar ya jiƙe da gumi, kuma wannan gumin ne zai cuce shi a sama. Ciyawar safe tana da raɓa mai jiƙa wando har cinya, in kana da ledar ɗaurawa a ƙwauri ka ɗaura.

Taki gajere, a hankali, ba tsayawa. Ma'aunin shi ne ka iya magana da na kusa da kai ba tare da haki ya yanke maka zance ba. In ba ka iyawa, ka yi sauri da yawa. Kuskuren matasa ke nan kullum: su zabura su wuce kowa, su zube suna haki, su sake zabura, kafin hantsi ƙafa ta mutu. Ka sauke tafin ƙafarka gaba ɗaya a ƙasa, kada ka hau da kan yatsu, yin haka yana ɗaure sha-raɓa. Inda hayi ya miƙe sosai kada ka tunkare shi kai tsaye, bi shi a karkace, dama da hagu, yadda turbar shanu take yi. Shanu sun fi kowa sanin inda tudu ya fi sauƙi.

Kowace awa a huta minti goma. Da tsayawa ka ɗora suwaita, da tashi ka cire. Ka ci dabino uku ko ɗan ƙuli-ƙuli ko ba ka jin yunwa, ka kurɓi ruwa kowane minti ashirin ko ba ka jin ƙishi. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, busasshiyar iska kuma tana ta zuƙe ruwan jiki ta numfashi. Fitsari shi ne shaida: in ya yi ja ya ƙanƙance, ruwa ya yi kaɗan. Ciwon kai da jiri da ɗaurewar jijiya a wannan tsayi galibi daga nan suke, domin ciwon da ƙarancin iska ke kawowa ya fi farawa daga mita 2,500 zuwa sama. Haɗa ruwan gishiri da sukari ka sha. In ƙullin asibiti ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma in ciwon kan ya ƙi sauka, ga amai ga tangaɗi, a sauko da mutum ba gardama.

Da ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi, dunduniya ko gefen babban yatsa, tsaya nan take ka manna filasta. Minti biyu ne. In ka ce bari a kai wancan dutsen tukuna, kafin ka kai ya zama bororo, kuma da shi za ka sauko.

Jagora a gaba, mai ƙarfi ɗaya a can baya, marar ƙarfi a bayan jagora. Kada na gaba ya ɓace wa na baya.

Mataki na 7: Rafi, ruga da namun daji

A rafi, kwance ɗamarar jaka kafin ka shiga, don in ka faɗi ka iya yar da ita. Fuskanci inda ruwa ke fitowa, kafa sanda a gabanka, ka riƙa matsawa gefe-gefe, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka shiga ba takalmi, duwatsun suna da santsi. Ruwa mai gudu in ya wuce gwiwa a jira, rafin tsauni yadda yake saurin cika haka yake saurin janyewa.

In hanya ta biyo ta ruga, a yi sallama daga nesa, a jira a amsa. Kada a ratsa tsakiyar garke, kada a ɗauki hoton mutane sai da yardarsu. Wanda ya sayi nono ya tafasa kafin ya sha.

Dajin yana da ɓauna da gwaggon biri da mazo da gada, ga dorina a kogin Kam, ga kuma biri mai ganga, wanda ya sami sunan saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa ƙarar tana ratsa kurmi. Yawancinsu a dajin ƙasa suke, kuma su ne ke gudun mutum. Wanda za ka kiyaya shi ne maciji, musamman kasa, mai kwanciya a turba ba ta motsi. Sanda a gaba cikin doguwar ciyawa, kada ka zura hannu inda ido bai gani ba, ka kakkaɓe takalmi da safe. In an yi sara, a kwantar da mutum, a cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da karan itace kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau. Waɗannan suna ƙara ɓarna ne, suna kuma cinye lokacin da ake buƙata.

Mataki na 8: Hazo, hadari da gobara

Gajimare yana iya rufe ku cikin minti biyar har ka kasa ganin wanda ke taku goma a gabanka. A tsaya, a taru, a ƙirga kai, a sa rigar ruwa. In jagora bai tabbata da hanya ba a zauna a jira, yawanci yana yayewa. Wanda ya rabu da 'yan'uwa ya tsaya inda yake, ya busa usur sau shida a jere, ya saurara minti ɗaya, ya sake. Masu nema su amsa da uku. Kada ya ce zai bi rafi ya gangara, rafukan tsauni a bakin gaɓa mai zurfi suke zubowa.

In an ga walƙiya, a ƙirga daƙiƙa har a ji tsawa. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In bai kai talatin ba, a bar kan tudu da gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai, a gangara, a warwatsu kaɗan, kowa ya tsuguna a kan jakarsa. Sai an yi rabin awa ba a ji tsawa ba za a koma.

Gobarar ciyawa kuwa sama take bi, kuma ta fi ka gudu a hayi. Kada ka gudu sama a gabanta. Ratse gefe, ko ka nemi inda ya riga ya ƙone, ko fili mai dutse.

Ka riƙa lura da abokan tafiya. Wanda ya jiƙe, yana rawar ɗari, magana tana sarƙe masa, yana yawan tuntuɓe, ya kasa zuge zif, sanyi ya shige shi, kuma shi ba zai sani ba. A tsaya a inda babu iska, a canja masa kaya, a raba shi da ƙasa, a lulluɓe shi har kai, a ba shi shayi mai zaƙi in yana iya haɗiya. In rawar ɗarin ta tsaya alhali jikinsa na nan da sanyi, abin ya yi tsanani, a nemi taimako da gaggawa.

Mataki na 9: A ƙololuwa

Kafin hoto, kafin komai, sa suwaita da rigar ruwa da hula. Sannan ka zauna a bayan dutse ka ci abinci.

Sai kallo. Fito da kamfas don ka san abin da kake gani. Gabas da kudu Kamaru ce, tuddai bayan tuddai, na kusa kore, na nesa shuɗi, har su narke cikin sama. Kudu maso yamma Mambila ce a shimfiɗe kamar an yi mata aski. Arewa kuwa ƙasa ta rufta zuwa kurmin gandun, inda rafukan da ke ciyar da kogin Taraba, daga nan Binuwai, suke fitowa. Dubi lungunan da ke tsakanin tuddai: kowanne da ɗan kurminsa mai duhu a maƙale, itatuwa gajeru, rassansu sanye da gansakuka tana reto. Waɗannan su ne ke riƙe ruwan da mutanen ƙasa ke sha da rani, shi ya sa ba a sarar ko reshe ɗaya a cikinsu don hura wuta. Wanda ya isa da hantsi yakan tarar da farin gajimare kwance a kwaruruka kamar an baza auduga, kawunan tuddai kawai suka leƙo. Zuwa azahar yakan taso ya rufe komai, wannan ma wani dalili ne na sammako.

Don hoto, ba rana baya, ka sa mutum ko dutse a gaba don girman wurin ya fito. Kada ka ja da baya kana kallon waya. Minti talatin zuwa arba'in ya isa, jiki na yin sanyi. Kada a rubuta suna a dutse, kuma duk ledar da ta hau ta sauko.

Mataki na 10: Saukowa

A nan aka fi jin rauni, domin ƙafa ta gaji, hankali kuma ya riga ya koma gida. Kafin ka fara, sake ɗaure igiyar takalmi tamau a wajen idon sawu don ƙafa ta daina zamewa gaba. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, taki gajere, sanda tana riga ka sauka. Kada ka jingina baya, nan ne ƙafa ke kuɓucewa. Nauyinka ya zauna daidai kan tafin ƙafa. Busasshiyar ciyawa a gangare ta fi taɓo santsi, a irin wurin juya gefe ka sauka a karkace. Kada a yi gudu, kada a yanke hanya. Inda akwai sakakkun duwatsu kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, kuma wanda ya ture dutse ya yi ihu nan take.

In an yi targaɗe, kada a cire takalmi in za a ci gaba da tafiya, ƙafar za ta kumbura ya ƙi komawa. A naɗe bandeji ta kansa, a raba kayan mutumin, a ba shi sanda biyu. In dare ya riske ku duk da haka, hanya kuma ba ta fito sosai a tocila, gara a nemi mafaka a sa duk suturar da ake da ita, a matsu wuri guda a jira asuba.

Da kun sauko, a koma wurin jauro a shaida masa an dawo lafiya, a sallami 'yan dako da haƙƙinsu cikakke, a sanar da ofishin gandun. Daren nan ka duba jikinka da tocila saboda kaska, musamman hammata da matsematsi da bayan gwiwa. In ka samu, kama ta dab da fata ka ja a miƙe a hankali, kada ka murɗa, kada ka ƙona ta. Zazzaɓin da ya zo cikin makonnin da suka biyo baya a kai shi asibiti a yi gwajin jini, a kuma gaya wa likita dajin da aka shiga da kwanakin da aka yi a ciki.